Kwana Goma Sha Biyu Ba Wanda Ya Zage Ta

Da ƙarar waya a cikin kwanon silba abin ya fara, kuma ba na jin zan manta da shi har ranar da za a kai ni makwancina. Maigidana ya yi sammakon zuwa gonar albasa, ya manta wayarsa a cikin kwanon da yake ajiye ta a saman kantar ɗaki don gudun yara. Ina shara a tsakar gida na ji kwanon yana kirrr, kirrr, kamar buzuzu ya faɗa ciki. Ba al'adata ba ce in taɓa wayarsa, sai na ƙyale. Ta yanke, ta sake, ta kuma sakewa. A na ukun ne Inna, wato surukata, ta ɗago daga kan tabarmarta ta ce, "Ɗauka mana, ɗiyata. Kira ukku da sahe, kila mutuwa ta."

Lambar doguwa ce, ba irin ta ƙasar nan ba. Muryar mace na ji, ta yi sallama a hankali, sannan ta tambaya ko nan ne gidan wane ɗan wane na Wurno. Sunan marigayi surukina ta kira, haɗe da na mahaifinsa, sunan da ni kaina sau biyu ko uku na taɓa jin an ambata. Na ce nan ne. Sai ta ce, "Ni 'yar ƙanwarsa ce. Daga Sudan nake kira."

A gidan nan kowa ya san labarin wannan ƙanwa, amma kamar tatsuniya muke jin sa. Sama da shekara sittin da suka wuce iyayen surukina suka kama hanyar Makka a ƙasa, suka tafi da 'yarsu mai shekara shida, suka bar namijin wurin kakansa saboda dabbobi. Ba su dawo ba. Sun yada zango a Sudan don su nemi guzuri, zangon ya zama gida, can ƙasa ta rufe su. Surukina ya rayu yana cewa yana da ƙanwa a gabas, ya rasu shekara uku kafin wannan kiran bai sake jin muryarta ba. Ashe tana raye. Wani alhaji na Marnona ne ya haɗu da ɗanta a Madina, hira ta kawo hira, har aka yi musayar lamba.

Wadda ta kira ita ce ƙaramar 'yar tsohuwar. Ta ce tana karatu mai zurfi a jami'a, kuma rubutun da za ta yi a kan mutane irinsu ne: 'ya'yan Hausawa da Fulani da aka haifa a wata ƙasa, waɗanda ba su taɓa ganin gida ba sai a fim da waƙoƙin da ke yawo a waya. Tana son ta gane me suke ɗauka daga ciki su ce shi ne asalinsu, kuma mu da ke gida, in mun kalli abin, muna ganin kanmu ko ba ma gani. Za ta zo ta yi kwana goma sha uku. Amma ta ce ba karatun kaɗai ke kawo ta ba. Mahaifiyarta ta tsufa, ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, kuma tun da ta ji ɗan'uwanta ya rasu take tambaya ɗaya: ko akwai wanda ya rage a Wurno da ya san da su?

Da labari ya kai Taloka, inda ƙanwar maigidana ke aure, washegari sai ga ta a kan babur. Auta muke ce mata. Mace ce mai baki, in ta shiga gida sai kowa ya san ta shigo. Tun daga zaure take guɗa.

"Alhamdu lillahi, baiwata za ta dawo gida! Shekara sittin suna gudun daka. Bari ta iso, turmi na nan na jiran ta."

Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da take nufi. 'Ya'yan wa da 'ya'yan ƙanwarsa taubasai ne, tsakaninsu ba kunya ba nauyi. Kowa ya kira ɗan'uwansa bawa, a kushe abincinsa, a kushe tafiyarsa, a ƙwace masa takalmi ko mayafi, kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi.

Ni kuwa wannan wasa ban taɓa son sa ba. Daga Rabah aka kawo ni, kuma tun ina yarinya in taubasaina suka taso ni sai in shige bayan ɗaki in yi ta kuka. Na girma ina kauce musu, ko a biki in na hango su sai in canza wurin zama. Don haka da na ji Auta tana wasa wuƙarta, sai zuciyata ta tafi ga baiwar Allah nan da za ta ratso ƙasashe ta zo cikin mutanen da ba ta sani ba. Na ja Auta gefe.

"Don girman Allah ki rufa mana asiri. Wannan mai ilimi ce, a wata ƙasa ta tashi, ba ta san wasanmu ba. Kada ta zo neman dangi ta koma da ɓacin rai."

"Matar Yaya, mi kike nuhi? Ɗiyar gwaggona ta fa! In ban yi wasa da ita ba da wa za ni yi, da ke mai kukan banza?"

Ban bar ta ba sai da ta yi mini alkawari. Na bi maigidana shi ma na roƙe shi, na kai maganar gaban Inna. Inna ta daɗe tana jan carbinta kafin ta ce, "Wasa gishirin zumunta na. Amma ke kinka yi boko, ke kin san halin 'yan boko. A yi yadda kinka ce." Na ji daɗin wannan magana a lokacin. Yanzu in na tuna ta, nakan ga cewa Inna ta faɗa mini gaskiya a rabin farko, ni kuma rabin ƙarshen kawai na ɗauka.

Ranar da ta iso, mun zaci za mu ga mace cikin laffaya. Sai ga ta da atamfa ɗinkin birni, da ɗaurin kallabi mai tsayi irin na amaren fim, ga jan baki. Ta zube gaban Inna gwiwa biyu, ta sunkuyar da kai, ta ƙi ɗagowa har Inna ta gaji ta ce, "Tashi hakanan, ɗiyata, ba gaban alƙali kike ba." Hausarta kuwa abin saurare ce. In ta nutsu sai ta yi Kananci tsaf irin na 'yan fim, tana ce mini Anti. In ta ruɗe sai Larabci ya kutso. In kuma ta manta da kanta, sai ka ji wata tsohuwar kalma ta Sakkwatanci ta faɗo daga bakinta, irin wadda tun rasuwar kakata ban sake ji ba.

Na hango Auta ta cije leɓe tana kallon ɗaurin nan. Na san akwai magana goma a bakinta. Na harare ta, ta haɗiye, ta ce, "Sannu da hanya, Malama." Daga ranar sunan ya bi ta. Maigidana ma Malama yake ce mata, ya gaishe ta daga bakin ƙofa kansa a ƙasa kamar mai gaida surukuwa.

Na gyara mata ɗaki ita kaɗai, na shimfiɗa sabon zanin gado. Mu muna cin tuwon dawa da miyar sure a tsakar gida, ita ina kai mata shinkafa da kaza a rufe cikin ɗaki. In ta ɗauki tsintsiya in karɓe, in ta nufi turmi in ce haba Malama, hannunki bai saba ba. 'Yata, wadda shekararta bakwai a lokacin, na hana ta shiga ɗakin don kada ta dame ta da surutu. A ganina ban bar komai ba cikin hakkin baƙo.

Aikin nata ni na zama 'yar rakiya, tunda na yi sakandare kuma matan unguwa sun yarda da ni. Yadda take yi ba wuya. Za a tara mata shida ko bakwai a inuwa, ta nemi izininsu, ta ajiye 'yar na'urar ɗaukar murya a kan tabarma, ta buɗe kwamfuta ta nuna musu guntun fim ko waƙar biki na minti biyu. Sai ta tambaya: wa ya yi kama da ku a nan? Mene ne gaskiya, mene ne ƙari? Da farko mata sukan noƙe, amma da ɗaya ta buɗe baki sai ka rasa wa za ka saurara.

A wata ruga kusa da Maikujera ta nuna musu inda wata mai tallar nono ta shiga birni ana yi mata wayo. Wata dattijuwa ta matso da fuskarta dab da gilashin ta ce, "Wagga ba ta taɓa tatsar nagge ba. Dubi yadda ta aza ƙwarya, awa mai ɗauke da garwashi." Aka kwashe da dariya. Wata matashiya mai goyo kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce ita abin da ke ba ta haushi, duk sanda aka nuno Bafillace to ko dai wawa ne ko abin tsoro, ba a taɓa nuno shi yana karatu ko yana jinyar uwarsa ba. Baƙuwarmu ta rubuta wannan da sauri. A hanyar dawowa cikin mota ta ce mini su ma irin waɗannan suke kallo can, kuma tana ƙarama ta taɓa tambayar mahaifiyarta, cikin masu gidan bene da masu ƙwarya su wane ne nasu. Tsohuwar ta ce mata duka biyun, kuma ba ko ɗaya.

Baƙuwar ta ce a can suna ɗaya ake kiran su da shi, Bahaushe da Bafillace da Babarbare, ma'anarsa dai ba 'yan ƙasa ba. Don haka 'yan matansu suka rungumi fim. Daga nan suke koyon ɗauri, da ɗinki, da yadda ake kamu, da yadda ake durƙusa wa manya. In za a yi biki sai a tsayar da fim a kwaikwayi zaman amarya. Tana wannan bayani muka sauka a tasha, yara suka biyo mu suna "Ga Balarabiya, ga Balarabiya!" Ta yi murmushi ta ɗaga musu hannu. Na ce a raina, kai, wannan baiwar Allah akwai haƙuri.

A Taloka, a tsakar gidan Auta, aka yi zaman da ya kamata in farga, ban farga ba. Guntun da ta nuna na wani biki ne, inda wani saurayi ya tare 'yar gwaggonsa yana kushe kwalliyarta, ita kuma tana ramawa. Matan suka ce wannan kam gaskiya ne, sai dai an yi shi da sanyi, na gaske ya fi haka zafi. Wata tsohuwa mai goro a baki ta juya ta dubi baƙuwar.

"Ke ɗiyar nan, can ƙasarku kuna da taubasai?"

"Muna da su, Iya. A nan ma ina da su."

Ta faɗi haka tana kallon Auta kai tsaye, da wani ɗan murmushi kamar mai miƙa hannu. Kowa ya san halin Auta, ana jira a ji ta inda za ta ɓullo. Auta ta dube ni. Na girgiza kai kaɗan. Sai ta sunkuya ta ce, "Malama, a ƙaro maki ruwa?"

Na ga fuskar baƙuwar ta sauka. Ta rufe kwamfutar ba ta gama tambayoyinta ba. Na ɗauka gajiya ce da zafin rana, har na saya mata lemo mai sanyi a hanya.

Ranar kwana na goma sha biyu, ana gobe za ta tafi, da hantsi ina zaune ƙofar ɗakinta ina tsintar shinkafa, mahaifiyarta ta kira. Tsohuwar ba ta ji sosai, don haka a bayyane ake sa muryar, su yi ta ɗaga murya. Kullum sukan fara da Larabci, amma ranar da Hausa tsohuwar ta fara, Hausar Wurno ta shekara sittin da ba abin da ya taɓa ta.

"Gobe za ki taso?"

"Gobe, Yumma, in Allah ya so."

"To hwaɗa mani. Sun zage ki?"

"A'a, Yumma. Suna girmama ni ƙwarai."

"Ko guda? Ɗiyan ɗan'uwana, ba wanda ya ce maki baiwa? Ba a ɗauke maki ko takalmi ba?"

"Sun ba ni ɗaki ni kaɗai. Kullum da nama. Malama suke ce mini."

Hannuna ya tsaya a cikin faifan. Da tsohuwar ta sake magana, muryarta ba kuka a ciki, a daidaice take, kuma wannan ya fi kukan ciwo.

"To. Mutanen kirki na, ki gode masu. Sun yi maki abin da aka yi ma baƙo. Wanda ya san mu shi ya tahi, ɗiyata. Ki dawo gida."

Ban san lokacin da na shiga ɗakin ba, ko sallama ban yi ba. Na same ta zaune bakin gado wayar na kan cinyarta. Na tambaye ta ma'anar abin da na ji. Ta ɗan ji kunya, sannan ta gaya mini. Ta ce duk abin da suka sani na gida daga fim suka koya, ban da abu ɗaya. Wasan taubasai ba su koye shi a gilashi ba, a bakin iyayensu suka same shi, kuma can sun riƙe shi da ƙarfi fiye da yadda take gani a nan, don shi ne abin da maƙwabtansu ba su da shi. Da za ta taho, mahaifiyarta ta ce mata kada ta dubi abinci, kada ta dubi shimfiɗa, Bahaushe na yi wa kowane baƙo wannan. Ta saurari baki. In sun tsokane ta, to jini na nan. In sun yi ta girmama ta, to an rufe littafinsu.

"Tun a jirgi nake shirya abin da zan rama da shi," in ji ta, tana 'yar dariya. "Har ɗaurin nan da na yi ranar farko, na san ya yi yawa. Na ce ko makaho ya samu abin faɗi a kansa."

Na zauna a ƙasa. Wallahi da ƙasar za ta buɗe da na shige. Shaiɗan ya raya mini in yi shiru, in kira Auta a ɓoye in ce ta zo gobe ta yi wasan, a rabu lafiya ba wanda ya san hannuna a ciki. Amma na ga wannan gyaran ƙarya ne a kan kuskure. Na gaya mata komai: guɗar da Auta ta yi, da turmin da ta ce yana jiran ta, da alkawarin da na ɗaure ta da shi, da maganar Inna. Na ce laifin nawa ne ni kaɗai, ni ce mai tsoron wasa, na auna ta da mudun kaina.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Na gode da kika faɗa mini, Anti. Na yarda da ke." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma Yumma ba za ta yarda da labari ba, sai abin da kunnenta ya ji. Kuma yanzu in kin ce su yi, sun yi, ya zama fim ke nan."

Duk da haka na kira Auta. Ta bar ni na gama bayanina, sannan ta ce, "Matar Yaya, wasa ba a yin shi da oda. Kwana goma sha biyu kin ƙulle mani baki gaban ɗiyar gwaggona, har matan Taloka na tambaya ko ba ni da lahiya. Yanzu ki ce in buɗe awa famfo? Ina zuwa bankwana gobe, shi ke nan." Ta kashe wayar. Da na gaya wa Inna, ba ta ce ai na faɗa miki ba. Cewa ta yi, "Ki yi alwala ki roƙi Allah. Shi ka gyara abin da mai kyakkyawar niyya ya ɓata." Maigidana kuwa ya zauna ya yi tagumi, don shi ne ya fi kowa jin maganar gwaggonsa.

Da safe aka fito da jakarta tsakar gida, mai babur ɗin da zai kai ta tasha yana jira a waje. Auta ta iso fuska ba walwala, ta sa an shigo da ƙaramin buhun albasa da ƙullin tafarnuwa, ta ajiye gaban baƙuwar.

"Ga tsaraba, Malama. A gaida Gwaggo."

Baƙuwar ba ta ce an gode ba. Ranar laffayarta ta ɗaura, ba jan baki ba komai. Ta sunkuya ta kwance bakin buhun, ta zaro albasa ɗaya, ta ɗaga ta sama tana juya ta kamar mai duban ƙwai. Sai ta yi magana, ba da Hausar fim ba, da muryar uwarta sak.

"Wagga ita ce albasar da anka cika muna kunne da ita? Wagga ai ƙwallon goruba ta. Yumma ta ce ɗiyan ɗan'uwanta rowa za ta kashe su, ban yarda ba sai yau. Ke baiwa, kwashe abinki, ki koma gona ki ɗebo ma uwargijiyarki ta kirki."

Na gane cewa duk abin da ya kawo ta ta ɗora a kan wannan magana, in ta faɗi ƙasa ba mai ɗauka, shi ke nan.

Auta ba ta dube ni ba, kuma na gode wa Allah da ba ta dube ni ba. A hankali ta zare mayafinta ta ɗaure shi a ƙugu.

"Ke! Ke! Wa kike kira baiwa? Ku jiye mani ɓatattar akuya, shekara sittin tana yawon dawa, ta dawo tana kushe dusa! Ke da kinka zo muna da ɗauri awa hasumiya, muna ta tsoron kar iska ya kwashe ki ya maida Sudan ba mu biya kuɗin mota ba!"

"Gara ɗaurina da naki, awa an naɗe tulu!"

"Kwana goma sha biyu kina cin kajin gidanmu, ko tsinke ba ki ɗaga ba. Kin ga turmi can. Wallahi ba ki hita gidan ga sai kin daka!"

Maigidana, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya a tsakar gida ba, ya leƙo daga zaure ya ce, "A bar ta ta tahi, Auta. Mun ciyar da ita, in ta ƙara kwana biyu sai mun sai da gona." Baƙuwar ta juya kansa ta ce da ma an gaya mata bawan nan nata tsoron mata gare shi, kwana goma sha biyu yana gaishe ta kamar ya ci bashin uwarta. Inna ta yi dariya har carbi ya faɗi daga hannunta.

Ni ce na ɗauko wayar na kira Sudan, ban ce komai ba, na ajiye ta a kan turmin da aka kife. Minti kusan biyar tsohuwar tana saurare. Sai muka ji wani sauti, ba ka ce dariya ba ba ka ce kuka ba, sannan muryarta ta fito da ƙarfi: "Wace ce mai bakin nan? Ta ɗauko bakin kakarta! Ku riƙe mani ɗiyar tawa, ku sa ta daka, ba ta iya komi ba sai rubutu!"

Mai babur ya gaji ya tafi. Auta ta ɗauke takalman baƙuwar ta cusa a jakarta, ta ce sai an yi mata fura. Baƙuwar ta daka kuwa, hannunta ya yi kanta, aka yi ta yi mata dariya, ta ci tuwon dawa da mu a kwano ɗaya. Sai da ta ƙara kwana uku. A kwana ukun nan ta ce ta samu abin rubutawa fiye da na sha biyun farko, don sai a lokacin mata suka daina ba ta amsar da ake ba malamai. Gwaggo ta rasu da damina ta zagayo, Allah ya jiƙanta. Kafin nan kusan kowace Juma'a sai ta kira ta ce a ba ta mai bakin nan.

Shekaru sun shuɗe, amma darasin bai tsufa ba a wurina. Na koyi cewa ba kowace girmamawa ce alheri ba. Akwai wadda katanga ce, ka gina ta da hannunka kana ganin kyautatawa kake yi. Na koyi kuma kada in yanke wa mutum abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka ban tambaye shi ba, don abin da nake gudu da shi zai iya zama shi ne abin da wani ya ratso duniya yana nema. Niyyata mai kyau ce, Allah shaida, amma saura kaɗan kyakkyawar niyyar nan ta sa wata tsohuwa ta mutu tana ganin danginta sun shafe ta.

Ranar da muka raka ta tasha da gaske muka dawo, ina zaune ina share hawaye, 'yata ta zo ta jingina da kafaɗata. Duk abin nan a gabanta aka yi. Ta daɗe tana wasa da bakin mayafina, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Umma, ke ban taɓa jin wani ya zage ki ba. Ke ma naku sun manta da ke ne?"